A Hana Karantawa, Amma Kada a Ƙona: Sharhi Kan Gidan Tarihin Haramtattun Littattafai

 

Sharhinmu na yau zai ɗauko zance ne daga nesa, ya sauke shi a ƙofar gida. A Talin, babban birnin ƙasar Istoniya da ke arewacin Turai, an buɗe wani ɗan ƙaramin gidan tarihi a shekarar 2020. Babu takobi a cikinsa, babu sulke, babu tambari. Littattafai ne kawai, kuma sharaɗin shigar littafi ciki shi ne a ce wata hukuma a wani wuri ta taɓa hana shi, ko ta yanke wani sashe nasa, ko ta cinna masa wuta. Wani ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Joseph Dunnigan ne ya kafa shi, ya fara da littattafai sama da ɗari. Mai ziyara yana ganin littafin, yana kuma samun bayanin ƙasar da ta hana shi da dalilin da ta bayar. Mutanen Istoniya sun san zafin abin, domin sai a 1991 suka fita daga ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, inda babu abin da ake bugawa sai jami'in tacewa ya sa hannu.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Mu da ke fama da tsadar taki da 'yan bindiga a bakin daji, me ya haɗa mu da kantar littattafai a Turai? Ruwanmu yana nan, har da tsaki. Rigimar littafin Hausa mafi zafi a zamaninmu, biyu daga cikin manyan sunayenta 'yan wannan yanki namu na Malumfashi da Funtuwa ne.

Ta farko ita ce Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda makaranta suka fi sani da Anti Bilki, marubuciyar Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe da Ki Yarda da Ni. Duk macen da ta yi 'yanmatancinta a shekarun 1990 a wannan yanki ta san yadda waɗannan littattafai suke yawo daga ɗaki zuwa ɗaki har bangonsu ya cire. Na biyu shi ne Farfesa Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano a kan irin waɗannan littattafai, ya kuma yi musu suka mai kaifi a jaridu, yana ganin yawancinsu ba su da inganci kuma ba za su yi ƙarko ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka mayar masa da martani, aka yi shekaru ana fafatawa a shafukan adabi, musamman wanda Ibrahim Sheme yake kula da shi a jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako. An yi zafi, an yi gugar zana, amma kowa da alƙalami ya zo. Mai suka ya karanta kafin ya soki, mai karewa ya karanta kafin ya kare, mu kuma muka ƙaru. Har yau ɗalibai suna rubuta kundin digiri a kan wannan muhawara.

Sai kuma aka zo wani zamani da aka ajiye alƙalami. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace fina-finai, wadda ikonta ya haɗa da ɗab'i. A 2007, lokacin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan soyayya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, aka cinna musu wuta a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A shekarar ce kuma aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa. A 2008 hukumar ta nemi marubuta su yi rajista da ita, su riƙa kawo rubutunsu a duba kafin ya shiga kasuwa, ƙungiyoyin marubuta na Kano suka ja daga. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta wasu waƙoƙi goma sha ɗaya, aka kuma kama Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, wanda marubucin littattafai ne tun kafin ya shahara da waƙa. Ko a 2023 hukumar ta bi shaguna ta kwashe littafin koyon Turanci na yara mai suna Queen Primer, bisa zargin yana ɗauke da abin da ya saɓa wa tarbiyya. Kuma ku tuna, littafin da ake sayarwa a kasuwar Malumfashi da ta Funtuwa yawanci daga Kano ake saro shi. Abin da aka hana a can, mu ma an hana mu, ko da ba a tambaye mu ba.

Jama'a, a yi adalci. Iyayen da suka koka ba ƙarya suka yi ba. Akwai littattafan da aka rubuta don kuɗi kawai, cike da batsa, aka sa su a hannun yarinya 'yar shekara 13. Akwai malaman makarantun kwana da suka gaji da kama ɗalibai suna karatun soyayya a ƙarƙashin bargo ana gobe jarrabawa. Mun kuma ga abin da rubutun ganganci yake jawowa idan ya taɓa addini. A 1991 garin Katsina ya rikice saboda abin da mujallar Fun Times ta buga. A 2002 rubutu ɗaya a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ya zama sanadin rasa rayuka sama da 200 a Kaduna. Wanda ya ga waɗannan ba zai ce kowa ya rubuta abin da ya ga dama a zuba masa ido ba. Uba yana da ikon cewa wannan littafi ba zai kwana a gidansa ba. Shugabar makaranta tana da ikon hana shi shiga ɗakin kwanan ɗalibai. Hukuma ma, idan ta bi doka, tana iya cewa kada a baza shi a kasuwa.

Abin da wannan sharhi yake cewa ɗaya ne: hana karantawa daban, hallakarwa daban. Duk littafin da aka hana, a ajiye kwafinsa a wuri amintacce, tare da takardar da ta faɗi wanda ya hana, da ranar da ya hana, da dalilinsa. Ga hujjoji uku.

Hujja ta farko, hukuncin mutane yana canzawa. A shekarar 1109, a birnin Ƙurɗuba ta Andalus, ƙarƙashin daular Murabiɗuna, an tara kwafin Ihya'u Ulumid Din na Imamu Gazali aka ƙona, da fatawar manyan malaman fiƙihu na birnin. Ba jahilai ba ne suka yi wannan, malamai ne masu ganin suna kare addini. Yau shekara fiye da 900, ku shiga zaurukan karatu na Katsina da Zariya da Kano, za ku tarar ana ja wa almajirai baƙin wannan littafi da girmamawa. Da a ce kwafin Ƙurɗuba ne kaɗai a duniya, da an yi wa Musulmi asarar da ba ta da diyya. Ku dawo gida. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, mutum yana iya kwana a gidan yarin En'e saboda ya rera waƙar jam'iyya ko ya yi lacca ba izini, Hajiya Gambo Sawaba kuwa ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yanzu waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin darasi ne a jami'a, sunan Malam Aminu Kano yana kan filin jirgin sama da asibitin koyarwa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta sha zagi a kan littattafanta da suka taɓo auren dole da wulaƙanta mata, amma a 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, ana nazarinsa a jami'o'in waje. Wanda ya ƙona littafi ya yanke hukunci ne a madadin jikokinsa, ya kuma hana su ɗaukaka ƙara.

Hujja ta biyu, mai mulki yakan fake da tarbiyya ko zaman lafiya ya kare kansa. A 1984, Dokar Soja ta 4 ta tura 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari na shekara guda saboda labarin naɗin jakadu. A 1987 gwamnatin soja ta rufe mujallar Newswatch na wata shida don ta buga rahoton kwamitin tsara siyasa kafin a ba da izini. A 1988 aka ɗauke Dakta Patrick Wilmot, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, aka fitar da shi daga ƙasar. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa maƙwabtanmu, ya rubuta littafi sukutum a 1987 kan yadda masu neman mulki suke wasa da addini don biyan buƙatarsu. Idan hukuma ta san cewa duk abin da ta hana za a ajiye shi, da sunan jami'in da ya sa hannu, za ta yi tunani sau biyu kafin ta kira sukar gwamnati batsa. Malumfashi gari ne da ya yi Galadima alƙali, marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa. Mutanen garin nan sun san cewa hukuncin da ba a rubuta dalilinsa ba, aka kuma lalata shaidarsa, ba shari'a ba ce, ƙarfi ne kawai. Hana littafi hukunci ne, don haka ya kamata ya bar fayil.

Hujja ta uku ta shafi har littafin da kowa ya yarda mugu ne. Manomanmu sun san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yadda yake shanye dawa da masara tun daga saiwa. A gonarka tuge shi za ka yi ka ƙona, kuma daidai ne. Amma masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suna adana irinsa da gangan, suna zuba shi a filin gwaji, ta haka ne aka samo irin masarar da ke jure masa. Malamin da zai yi wa'azi kan lalacewar tarbiyya, da mai nazarin da zai gano yaushe batsa ta fara shiga rubutun Hausa da abin da ya jawo ta, da marubuciyar da ke son rubuta wanda ya fi shi, dukansu suna buƙatar ganin abin da idonsu. Toka ba ta faɗin sunan littafi, balle abin da ke cikinsa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gano wannan. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya ware wani sashe tun ƙarni na 19 inda ake kulle littattafan da aka ɗauka na batsa ne. Ba a ba kowa, sai mai bincike da ya nemi izini. Sai a ƙarshen 2007 aka baje kolinsu, kuma ko a lokacin an hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga. Cocin Katolika ta riƙe jerin littattafan da ta haramta wa mabiyanta daga 1559 har zuwa 1966, yau wannan jeri da kansa ya zama madogarar masu tarihi. Jamus kuwa ta bi ɗaya hanyar. Ranar 10 ga Mayu 1933, ɗalibai magoya bayan Hitila suka ƙona littattafai kusan 20,000 a wani dandali a Balin. Yanzu a wurin akwai wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa da aka rufe da gilashi, kantocinsa fayau babu ko littafi ɗaya, an gina shi ne don jikokin masu ƙonawar su riƙa tuna abin kunyar. A shekarar 1933 ɗin nan ce Dakta Rupert East ya shirya gasar da ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Su ma sai da suka bi ta hannun jami'in mulkin mallaka kafin a buga su a Zariya. Ke nan tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko akwai mai dubawa a bakin ƙofa, kuma tarihin wannan dubawa wani ɓangare ne na tarihin adabinmu.

Amma masu sauraro, idan za mu faɗa wa kanmu gaskiya, littattafan da hukuma ta ƙona ba su kai kashi ɗaya cikin ɗimbin waɗanda sakacinmu ya cinye ba. Littattafan shekarun 1980 da 1990 an buga su ne a kan takarda mai arha, marubuci da kuɗin aljihunsa, sau da yawa babu shekarar bugu a jiki. Shagunan haya da ke ba da su a kan 'yan kuɗi kaɗan sun rufe. Abin da ya rage yana cikin akwatunan iyayenmu mata da ƙarƙashin gado, gara tana ci, damina tana jiƙawa, mai ƙosai tana naɗe ƙosai da shi. Dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye, amma marubuci nawa ne a Funtuwa ko Kano ya taɓa jin labarinta? Abin da zai ba ku mamaki, jerin sunayen waɗannan littattafai da masana suka fi dogara da shi, wanda ya tattara na 1987 zuwa 2002, Farfesa Graham Furniss na Jami'ar Landan ne ya haɗa shi tare da Malami Buba da William Burgess, aka buga shi a Jamus a 2004. Ranar da jikar Anti Bilki za ta nemi bugun farko na littafin kakarta, kada ya zama sai ta nemi bizar Ingila.

Haka abin yake ga rubuce-rubucen ajami da na Larabci da ke cikin gafakar malamanmu. Mutanen Tumbuktu sun nuna mana darajar irin wannan gado. Lokacin da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, iyalai da masu kula da ɗakunan karatu, ƙarƙashin jagorancin Abdulƙadir Haidara, suka yi ta fitar da dubban ɗaruruwan rubuce-rubuce a ɓoye cikin akwatunan ƙarfe, a mota da kwalekwale, zuwa Bamako. Waɗanda suka rage a Cibiyar Ahmad Baba, kimanin 4,000 daga cikinsu aka ƙona ko aka sace a Janairun 2013. Mu da muke zaune a yankin da ƙauyuka ke tashi cikin dare saboda 'yan bindiga, ya kamata mu tambayi kanmu ina littattafan limamin ƙauyen da aka kora suke kwana.

Wani abin lura kuma, zamanin ashana ya wuce. Labarin da ake gudu a da yanzu yana cikin waya, a WhatsApp da Wattpad da Facebook, ana karanta shi da murya a YouTube. Babu hukumar da za ta tsaya a bakin kasuwa ta kwashe shi. Abin da ya rage mana shi ne abin da Farfesa Malumfashi da abokan muhawararsa suka yi tun farko: a karanta, a auna, a soki mara kyau da hujja, a ɗaga mai kyau. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa idan aka buɗe wa 'yan mata ƙofar rubutu mai ma'ana, za su shigo da ɗaruruwansu.

To me muke nema? Ba gini mai hawa goma ba. Ɗaki ɗaya ya isa. Muna da gidan tarihi na ƙasa a tsohuwar Kwalejin Katsina, muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Al-Qalam, ga Gidan Arewa a Kaduna. Ɗaya daga cikinsu ta ware sashen adana littattafan Hausa da aka taɓa hanawa ko aka yi rigima a kansu. A kasa su gida biyu. Waɗanda rigimarsu ta siyasa ce ko ta ra'ayi, a baje su kowa ya gani, da bayanin abin da ya faru. Waɗanda suka ƙunshi batsa ko ɓatanci ga addini, a kulle su, kada a buɗe sai ga baligi mai bincike da ya zo da takardar makarantarsa. Kwamitin da zai kula da wurin ya haɗa malamin addini da malamin adabi da marubuciya da lauya, don kada ya zama na ɓangare ɗaya. A ɗauki hoton kowane shafi a adana a kwamfuta.

Muna kira ga hukumomin tacewa, na Kano da duk jihar da ke shirin kafa irinta, su mayar da shi ƙa'ida cewa ba za a lalata littafi ba sai an miƙa kwafi biyu ga ɗakin karatu tare da rubutaccen dalili. Muna kira ga 'yan majalisarmu na Malumfashi da Funtuwa da Bakori su kai wannan magana zauren majalisar jiha. Shugabannin makarantu, littafin da kuka karɓe a hannun ɗaliba ku rubuta sunansa a rajista, ku kulle shi a ofis. Marubuta, ku kai kwafinku uku inda doka ta ce. Iyayenmu mata da yayyenmu, ku buɗe akwatunan nan ku duba, ku kakkaɓe, ku sa a leda, ku ɗaga daga ƙasa kafin damina ta kankama. Ku kuma dattawa masu gafakar kakanni, ku bari a ɗauki hotonta tun tana karantuwa.

Ku tsare 'ya'yanku daga abin da kuke ganin zai cutar da su, wannan haƙƙinku ne kuma nauyi ne a kanku. Amma ku bar wa na baya shaidar abin da aka rubuta da abin da aka hana, su ma su yi nasu hukuncin.